Su da Fartanya

Duk gidan ƙasa da ke cikin ganuwar Kano akwai ramin da ya bari a wani wuri. Ƙasar da aka yi tubali da ita, da ta yaɓe, har da wadda aka ɗaga badala da ita tun zamanin Sarki Gijimasu, duk haƙo ta aka yi. Damina ta zo ta cika ramukan suka zama kududdufai, kowace unguwa da nata. Uwarsu ita ce Jakara ta gefen Kasuwar Kurmi, wadda Baturen nan matafiyi Barth ya ambata bayan ya shigo Kano a 1851, bai kuwa yabe ta ba. A wannan koren ruwa muka fara sanin kifi, mu 'yan cikin gari.

Kayan aikinmu ba su da yawa. A gasa allura a wuta a lanƙwasa ta, a saci zare a kwandon masu ɗinkin hula, a ɗaura guntun tsohon silifas ya riƙa yawo a saman ruwa, a tono tana a gindin randa. Abin da muke kamawa 'yan karfasa ne da ba su kai tafin hannu ba, sai jifa-jifa tarwaɗa baƙa ƙirin mai warin kwata. Ba mai kai su gida. Inna takan kamo hannuna ta shinshina, in ta ji ƙarni babu wata shari'a, sai tsumagiya. Tana da hujja, don da wuya damina ta wuce ba a tsamo gawar yaro a wani kududdufi ba. Amma akwai wata hujjar da ba a faɗa da ƙarfi. Gidanmu na malamai ne da 'yan kasuwa. Muna son banda ta Nguru da ta Baga a miyar kuka, ba a dai so a ce ɗan gidan ne ya shiga taɓo ya kamo. Da wannan na tashi: kifi abinci ne idan an sayo shi, abin kunya ne idan an kama shi.

A bazarar 1985 Kawuna ya ɗauke ni rakiya. Sana'arsa ke nan, ya loda kaya daga Kano ya bi kasuwannin ƙauyukan ƙasar Haɗeja har Nguru, ya dawo da fatu ya sayar wa 'yan Ƙofar Wambai. A lokacin Haɗeja tana cikin Jihar Kano, Nguru tana Borno, sai 1991 aka yanki Jigawa da Yobe. Damina biyu a jere sun yi gardama, ta 1983 da ta 1984, hatsi ya yi tsadar da ko a birni gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya. Mun ɗauko gishiri, ashana, takalman roba da tasoshi sababbi fil. A saman kaya akwai fasinjoji, yawancinsu 'yan cirani masu komawa gida kafin ruwa ya sauka.

Bayan mun bar kwalta muka nutsa cikin fadamun da ke tsakanin Kirikasamma da Guri, sai ƙarfen da ke juya ƙafafun bayan motar ya karye. Direba ya shiga ƙarƙashi ya fito yana karkaɗe riga, ya ce wannan sai Ƙofar Ruwa, in ma an dace, don zamanin ne da kayan gyaran mota suka yi wuya. Ya tafi da yaronsa a ƙafa neman hanya. Fasinjoji suka ɗauki ƙunshinsu kowa ya nufi garinsu. Aka bar ni da Kawu muna gadin kaya, da wani tsoho da ya ce garinsu yana gaba da nisa, kuma ba a barin abokin tafiya a daji. Ga-ruwa ya yi a Kano duk ranin nan, kafaɗunsa duk kanta.

Guzurinmu na kwana ɗaya ne, ƙuliƙuli da ɗan garin rogo. Da ya ƙare Kawu ya taɓa lalitarsa ya ce kada in damu. Muka taka zuwa wani ɗan ƙauye da ake hango gorubarsa daga nesa. Maza duk sun tafi neman abinci, sai tsofaffi da mata da yara. Kawu ya fito da kuɗi, sababbin nan da aka canja launinsu a 1984, ya ce a ba shi gero tiya ɗaya a faɗi ko nawa ne. Wata tsohuwa ta dubi kuɗin ta ce, "Alhaji, in na karɓa, su zan dama wa jikokina?" Suka ba mu ƙwaryar kunu tsararo sadaka. A hanyar komowa Kawu bai ce uffan ba. Mutum ne da bai taɓa shiga wurin da kuɗi suka ƙi aiki ba.

Ni kuwa sai na ji wani daɗi a ɓoye. Akwai ragowar tafki can gaba da ƙauyen, ga allura a jikin hular Kawu, ga zaren buhu. Na ce yau ranar abin da ake dukana a kansa ta zo. Na haɗa fatsa, na kamo fara tun da tana ba ta samuwa a busasshiyar ƙasa, na zauna a bakin ruwa tun hantsi har rana ta take tsaka. Na samu karfasa biyu ƙanana, na samu ciwon kai.

Tsohon ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗaga su ta wutsiya ya duba.

"Ɗan birni, ka iya ɗaurin ƙugiya, ban raina ba. Amma wannan su ne na mai ƙoshi."

"To Baba, yaya ake na mai yunwa?"

"Kai roƙon kifi kake yi, in ya ga dama ya ci, in bai ga dama ba ya wuce. Mai yunwa ba ya roƙo. Yakan je inda ruwa ya gudu ya bar kifi."

Ya yi mini lissafin da ban taɓa ji a makaranta ba. Zufar da na zubar a ranar nan ta fi abin da ke jikin karfasan biyu. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, duk aikin da za a yi daga asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, tsakani a shiga ƙarƙashin mota a kwanta. Babban ruwa kuma na mai jirgi ne da taru da kalli. Wanda ba shi da komai sai hannu, ƙaramin ruwa yake nema, wanda ya yanke daga uwarsa. In ma ana son ƙugiya ta yi amfani, sai a ɗaura da yawa a igiya ɗaya a kafa da magariba a tafi a yi barci, su yi aikin da kansu, irin yadda masu mamari suke yi.

Washegari da asuba ya aro fartanya a ƙauyen ya ce in bi shi. Na zaci tafkin za mu, sai ya juya masa baya. Muka shiga wani kwari da ya bushe ƙayau, baƙar laka ta tsattsage, ko ɗigon ruwa babu. Yana tafe a sunkuye yana duba ƙasa. Ya wuce wurare da yawa ba ko waiwaye. Ya ce nan ambaliyar bara ba ta iso ba, nan kuma mutanen ƙauye sun riga mu, ga ramukansu. Sai da muka kai wani lungu mai busasshen ganyen baɗo manne da ƙasa sannan ya tsuguna. Ya nuna mini wani ɗan tudu mai ƙaramar ƙofa da yatsa ba zai shiga ba. Da ni kaɗai ne da na ce ramin ƙwaro ne.

Bai sari kan ramin ba. Ya haƙa daga gefe yana zagayawa, har ya ciro curin laka guda, ya fasa shi a hankali da ƙota. A ciki ga wata aba a naɗe, kanta a sama, wutsiya ta rufe fuska, an lulluɓe ta da wata busasshiyar fata mai ruwan ƙasa. Ya yage fatar, abar ta motsa ta yi wani gurnani. Na ja da baya.

"Gaiwa ce," ya ce. "Kiyayi bakin. Tana cire yatsa."

Na sha jin ana cewa wane kamar gaiwa yake, jikinsa yake ci, ban taɓa sanin maganar gaskiya ce tsagwaronta ba. Gaiwa kifi ce mai huhu. Ko tana cikin ruwa sai ta taso ta shaƙi iska, in aka danne ta a ƙasan ruwa aka hana ta tasowa mutuwa take yi. Idan ruwan fadama ya fara janyewa, sauran kifaye su bi shi zuwa kogi ko su mutu, ita sai ta huda laka tun tana da taushi ta nutse, ta lanƙwashe, jikinta ya fitar da yauƙi. Yauƙin ya bushe ya zama kwanson da ke hana ta bushewa, ta bar 'yar kafa daidai bakinta wadda iska ke bi. Bugun zuciyarta ya ragu, komai na jikinta ya lafa, ta riƙa rayuwa da naman jikinta har ruwan wata damina ya jiƙa lakar. Wata da watanni take yi a haka, masu bincike ma sun ajiye ta fiye da shekara ta farfaɗo. Danginta kaɗan ne suka rage a duniya: a nan Afirka, sai Kudancin Amurka, sai Ostareliya. Wadda muka tono a ƙarshen rani ta rame, ta cinye rabin abin da muka zo nema, amma ta kai tsawon damtse, kuma nama ne sosai, ba ƙananan ƙayoyi.

Kawu ya tsaya yana kallonta a kan garwashi yana shawara da kansa. Abu mai numfashi, an tono shi a tudu, ba a yanka ba? Ya jawo karatunsa na zaure, ya tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin ruwa halal ne ko da yana daɗewa a tudu, ba ya bukatar yanka. Da ya gama ba kansa fatawa ya yi bismilla, kuma in faɗi gaskiya ya fi kowa ci. Ya kwance bakin buhun gishiri ya ɗebo, ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta abin da aka ɗiba. Tun daga ranar duk tasar da muka taɓa sai ta shiga littafin nan.

Tonon gaiwa ba ya riƙe mutum uku, don kwarin da ke da ita kaɗan ne a shekarar da ruwa bai yi faɗi ba. Tsohon ya riga ya ga wani ɗan gurbi da ya yanke daga tafkin, ruwansa iya gwiwa, yana ta motsi da magariba. Na ce mu faɗa masa tun da dare. Ya ce sai an tambaya.

"A tambayi wa, Baba? Nan ai daji ne."

"A idonka."

Wannan ita ce maganar da ta fi zauna mini a duk tafiyar. Abin da ɗan birni ke kira daji, a wurin mutanen wurin kowane taƙi da sunansa da mai shi. Tafkunan fadamar Haɗeja da Nguru suna hannun Bulama da Sarkin Ruwa. Akwai wanda ake rufewa sai ranar da aka sa a buɗe shi gari ya shiga gaba ɗaya, akwai na gida kaza tun kakanni, baƙo kuma in zai shiga sai ya nemi izini ya ba da kaso. Ko Matan Fada ta Argungu da duniya ke zuwa kallo, abin da ya sa ake samun giwan ruwa a cikinta shi ne an hana taɓa ta sauran shekara. Ba don irin wannan doka ba, da gurbin nan bai kai Afrilu da ko tarwaɗa ɗaya ba, da mu ma ba mu tarar da komai ba. Ƙauyen da ya hana mu gero, shi ne ya yi ta kallon kifin nan da yunwarsa ya bar shi don ranar da ta fi wannan baƙi.

Muka je muka gaida Bulama, wani dattijo da ido ya fara yi wa nauyi. Tsohon ya faɗi garinsu da gidan da ya fito, suka ɗan yi magana da wani harshe da ban ji ba. Aka shirya: ruwa nasu, ƙarfi namu, a raba. Su ma abin ya zo musu daidai, don kwarfa aikin majiya ƙarfi ne, majiya ƙarfinsu kuwa duk suna Kano da Legas.

Kwarfa ba ta da wata gwaninta sai ciwon baya. Muka ɗaga jinga da laka muka raba gurbin biyu, muka tsaya a ɓangare ɗaya da tasoshin Kawu muna watsa ruwa zuwa ɗayan. Yaran ƙauye suka shigo suna tattaka taɓo. Da ruwa ya dagule, karfasa ce ta fara tasowa tana haki a sama, don ba ta jure ruwan da iska ta ƙare masa, sai kwasa kawai. Tarwaɗa ba haka take ba. Tana da abin shaƙar iska a cikin kanta, shi ya sa take rayuwa a kwatar birni, take kuma jan ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare ta sauya tafki. Ita sai ta nutse cikin taɓo, a bi ta da tafin ƙafa. In ka taka abu mai santsi kada ka ɗaga ƙafar, ka zura hannu ta wajen kai, ka sa yatsu a bayan ƙayoyin nan biyu na gefe ka matse. Kurungu ya fi ta mugunta, ƙayarsa takan miƙe ta kulle, in ta shiga nama sai ta yaga za ta fito. Tsohon ya gargaɗe mu da minjirya mai jan mutum kamar wayar lantarki, ya kuma ce in mun ga talibambam ya kumbura mu bar wa yara su yi wasa, ba na tukunya ba ne.

Da baya ya fara gaya wa Kawu, sai ya miƙe ya ce shi ya ji ana zuba Gamalin a ruwa kifi ya taso gaba ɗaya, ko ba shi, ai ga aduwa nan, an ce ɓawonta ma yana yi. Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Alhaji, mun san magimfa tun kafin a kawo na kwalba. Wannan ruwan shanu na sha, matan nan na ɗiba. Mu gobe mota za ta ɗauke mu." Kawu ya koma ya ɗauki tasarsa.

Abin da aka kama a zafin nan ba ya jira. Nan take ake farke ciki a zubar, a wanke, a barbaɗa gishiri. Na ci yanzu a ɗora a garwashi, saura a kafa 'yan sanduna ɗanye a jera a kai, a sa wuta mai hayaƙi a ƙasa ta kwana. Bandar da nake ci a gida tun ina yaro, ranar na fara ganin yadda ake yin ta. Kifi zalla kuma ba ya kwantar da cikin da ya saba da tuwo, ka ƙoshi amma kana jin rami. Matan ƙauyen suka nuna mana tushen baɗo da ake tonowa a gasa, muka haɗa da goruba da aduwa. Ruwan sha ba daga tafkin ake kamfata ba. A tona rami a gefe a bar shi ya tsatso, a tace da rawani saboda kurkunu, wanda a lokacin yake kwantar da ƙauye guda a tsakiyar noma, sannan a tafasa. Kurkunu bai kama ni ba, kuma tun 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Tsargiya ce ta same ni. Ita ba ta bakin mutum take shiga ba, ta fata take bi, daga ƙananan dodon koɗi da ke kwance a irin ruwan da muka yini a ciki. Sai bayan na koma Kano na ga jini a fitsari, aka yi ta magani.

Da dare a gindin mota na tambayi tsohon me ya kai masunci irinsa ɗaukar garwa. Ya ce da can, ruwa kan iso musu a ƙarshen damina ya malale fadama har ido ba ya ganin gaɓa. Kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba, in ruwa ya juya a tare su da sankiya da koma. Shekarar da ruwa ya yi faɗi kifi ya yi yawa, lissafin ke nan. Kogin Haɗeja kuwa Kogin Kano ne da Challawa suka haɗu suka yi shi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aikin gwamnatin Audu Bako, ambaliyar ta rage, fari ya zo ya ƙarasa. Ya yi dariya ya ce, "Ruwanmu ne ya koma birni, na bi shi." Ban ce Tiga ɓarna ce ba. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da famfon unguwarmu duk albarkacinta ne, kuma na ci na sha. Amma mu da ke sama da kogi ba a taɓa gaya mana akwai mai biya a ƙasa ba. Daga baya aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan da ake saki rani da damina ya sa kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar, wasu wuraren suka nutse, wasu suka bushe.

Direba ya dawo da ƙarfensa a bayan wata akori-kura, ya tarar da mu da ragowar banda a cikin tasa, har ya ci. Aka ɗaura, muka tashi. Kawu ya bar wa Bulama gishiri da ashana, ya rubuta. A wata mararraba kafin Nguru tsohon ya buga jikin mota aka tsaya, ya sauko da ƙunshinsa da garwaninsa biyu. Yaron mota ya miƙa hannu. Tsohon ya kwance bakin zaninsa ya ƙirga kuɗin mota cif, daga Kano har nan, ba ragin ko kwabo. Na dubi Kawu, Kawu yana duba littafinsa.

"Kawu, kuɗin motar Baba fa?"

"Motar tawa ce?" ya ce. Can kuma ya ɗaga murya: "Baba, ɗauki tasa ɗaya cikin waɗanda aka yi kwarfa da su. Sun riga sun ƙuje, ba za su sayu ba."

Tsohon ya zaɓi babbar, ya ƙwanƙwasa gindinta ya ji ba ta huje ba, ya yi godiya, ya ce a gaida mutanen birni. Direba ya ba mota wuta.